Goggo Ta Bar Ni Da Babi A Buɗe

Jiya da la'asar Goggo, yayar babana, tana ɓarar gyaɗa, ni kuma ina karanta mata labarin soyayyar nan da nake bi a waya, na ƙawaye huɗu da kowace ke da littafinta. Mun kai na uku. Ni dai hankalina yana kan angon, don ya iya magana.

Da na zo inda aka sa amarya lalle, babbar ƙawarta ta ƙi zuwa saboda sun ɓata, sai Goggo ta aje faifai.

"To wa ya ɗaura mata lallen?"

"Ba a faɗa ba, Goggo. Bari mu ji mi angon zai ce."

"Ƙyale ni da ango, 'yar nan. Miji ana sake samu. Wadda ta ɗaura maki lalle guda ce."

Yau da sassafe ta ƙulle gyaɗar a leda, ta hau kabu-kabu zuwa Urafane, wai wurin wata Hajo. Tun tasowata ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Har yanzu ba ta dawo ba, na kasa ci gaba da karatun. Ku fa, wadda ta ɗaura maku lalle, kuna gaisawa har yau?