Sista Obiageli, Mai Rufa Asirin Marasa Lafiya

Da sassafe Sista Obiageli ke tsallakowa daga Sabon Gari zuwa ƙaramin asibitin unguwarmu a Fagge. Kafin ta ajiye jaka, mata masu awon ciki sun cika benci. Takan bi su da gaisuwa cikin Hausarta tsaf, sannan ta fara ɗibar jini. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Babban aikinta shi ne wanda mutane ba sa son ambata: maganin tunjere, cutar da ake ɗauka wajen saduwa, wadda kan kashe jariri tun yana ciki.

Maƙwabciyata Ummakulsum ta yarda in ba da labarinta. Sau biyu tana haihuwar ɗa ba rai. A ciki na uku Sista ta gwada jininta, ta ja ta ɗaki, ta turo ƙofa.

"'Yata, tunjere ne, kuma yana da magani. Yau zan fara miki allura. Amma sai maigida ya zo shi ma, in ba haka ba cutar dawo miki za ta yi."

Ummakulsum ta fashe da kuka. "Mama, cewa zai yi ni na kawo. Aurena ya mutu ke nan."

"Ki ce masa ina nemansa kan lafiyar cikin. Sauran ki bar mini."

Mijin, Malam Halilu, ya baro shagonsa a Kantin Kwari ya zo. Yana jin bayani ya miƙe a fusace. "Wa kike zargi a cikinmu?"

"Ba kowa, Malam. Cutar nan kan yi shekara da shekaru a jiki mutum bai sani ba. Ni ba alƙali ba ce. So nake wannan karon ka ji kukan ɗanka."

Da jin haka ya koma ya zauna, ya ce shi ma a yi masa. Bai tsallake allura ko ɗaya ba. 'Yarsu Raudha bana ta shiga firamare.

Sista, ke ce kika san ciwon rabin unguwa, amma ko a gidan biki aka haɗu ba a taɓa ganinsa a fuskarki ba. Mun gode, Allah ya ƙara miki lafiya. Matasan ma'aikatan asibiti, ku koyi kame baki irin nata. Mu kuma maza, in aka ce ana nemanmu wajen awo, mu rufe shago mu je.