Sarauniyar Tafarnuwa da Gawayin Kaka Jeom-rye

Duk wanda ya zauna a shagon miyata a nan Sorim ya ce wai rashin kunya ne ya hana Bong Seul-gi ƙarasa shekararta ta sarauta, ɗauke kwanonsa nake yi tun bai ƙoshi ba. Da idona na ga abin da ya faru, don ƙofar shagona tana kallon matakalar unguwar kan tudu. Ku gyara zama ku ji.

Seul-gi 'yar manomin tafarnuwa ce. A rumbun ƙungiyar manoma take aiki, inda ake ware tafarnuwa ana ɗurawa a buhu, kuma tun tana 'yar shekara sha uku take saɓa buhu a kafaɗa. Uwarta ce ta kai sunanta gasar Sarauniyar Tafarnuwa da ake yi mana duk lokacin girbi. Ta kuwa ci. Aka ɗora mata kambi, aka rataya mata farin ƙyalle mai rubutun ruwan zinare, ta sa hannu a takarda cewa shekara guda za ta yi tana hidimar jama'a. Duk inda ofis ya kira ta za ta je, cikin hanbok, wato kayanmu na gargajiya, da kambi a ka, da ƙyalle tsaf ba ko ɗigon datti.

Ba zan rufa mata asiri ba, da farko abin ya hau mata kai. Ta shigo shagona tana tafiya kamar ƙasa za ta ɓata mata takalmi.

“Imo,” ta ce, wato Inna, don haka kowa ke kira na, “a cire mini tafarnuwar. Ina da taro.”

“Sarauniyar tafarnuwa ba ta cin tafarnuwa? To ta mece ce, ta turare?”

“Yallaɓai Tak ne ya hana. Saboda baki.”

Tak ɗin nan shi ne shugaban sashen bukukuwa na gundumarmu, shi ke riƙe da jadawalinta. Shi ya koya mata ɓoye hannayenta cikin riga in za a yi hoto, wai kantarsu ta yi yawa. Kantar da ta ciyar da gidansu! Wata biyar ya yi yana yawo da ita: yanka zare a nan, riƙe damin tafarnuwa a can, murmushi kusa da shugaban gunduma. Ranar da aka yi kimchi, kabejin nan da ake tsumawa da gishiri da yaji, don a raba wa marasa hali, aka sa mata jar safar hannu, aka miƙa mata kabeji guda ta ɗaga sama, aka ƙyasta hoto, aka zuba ta a mota. Mu matan kasuwa muka yini a tsugune kan sauran dubun. Washegari ta zo da jarida a hannu, jikinta a sanyaye.

“Imo, ko gishirin ban taɓa ba. Ga hotona, ke kuma ƙeyarki kawai ta fito.”

“Ƙeyar ma an gode,” na ce. Ba ta yi dariya ba.

Sai ga Disamba, lokacin rabon gawayi. Tsofaffin kan tudu har yau da curin gawayin nan mai huji-huji suke ɗumama ƙasan ɗakinsu, kowane curi ya fi kilo uku. Mota ba ta hawa can, don haka mutane ke jeruwa a matakala ana miƙawa hannu da hannu. Gida huɗu ne a takarda, kowane gida ɗari biyu. Na ƙarshe shi ne na Kaka Jeom-rye, tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu da ke zaune ita kaɗai a ƙololuwa, matakala ɗari da goma sha biyu daga titi. Gawayinta saura na kwana uku, ni na sani, don ni nake aika mata miya.

Mutum arba'in suka zo da riguna iri ɗaya. Layinsu ya kai gida na uku ya ƙare. Aka yi ta miƙo ana dariya, masu hoto na ta kai da kawo. Tak ya dangwali baƙi da yatsa ya shafa wa shugaban gunduma a kunci, ya shafa wa kansa, sannan ya juya ya goga wa Seul-gi, wadda aka tsayar a gefe aka ce kada ta taɓa komai saboda ƙyallen.

Da sha biyu ta yi, shugaban gunduma ya shiga motarsa. Layi ya watse kamar an kaɗa kaji. Rabon Kaka Jeom-rye aka jibge shi a gindin matakala, aka yafa wata yagaggiyar leda. Ga shi rediyo tun safe yake faɗin dusar ƙanƙara za ta sauka da yamma. Kowane yaro a garin nan ya san gawayin nan in ya sha ruwa marmashewa yake yi, wanda bai marmashe ba kuma hayaƙinsa na kashe mutum a kwance.

Na fito da ludayi a hannu, na tare Tak. “Yallaɓai, na sama fa?”

“An kawo, Imo. Ga shi nan, an rubuta.”

“Tashi zai yi ya hau da kansa?”

“Sati mai zuwa za a duba.” Ya buɗe wa Seul-gi ƙofar mota. “Shiga, ƙarfe biyu za a buɗe sabon ɗakin sanyi.”

Ba ta motsa ba. Ta kai hannu ta shafa baƙin da ke kuncinta, ta tsaya tana kallon yatsunta.

“Yallaɓai, wannan baƙin na mene ne?”

“Na hoto mana. Shiga.”

“To bari in samo na gaske.” Ta juyo. “Imo, katakon goyon kayan mijinki yana nan?”

Yana nan, rataye a bayan shago tun rasuwarsa, sai dai igiyar kafaɗa ɗaya ta ruɓe. Seul-gi ta cire kambi ta ajiye a kan teburina kusa da tulun cokula. Ta tattare siket ɗin hanbok ta ɗaure a ƙugu. Sannan ta zare farin ƙyallen nan, ta murɗe shi, ta ɗaura a madadin igiya.

Tak ya yi ihu. “Kin san abin da kika sa wa hannu? In kika ɓata ƙyallen nan, gobe wadda ta zo ta biyu a gasa ce sarauniya!”

“A gaishe ta, Yallaɓai. A ce ta riƙa zuwa da takalmin aiki.”

Takwas-takwas take ɗauka. Na rufe shago, na kira mai sayar da tofu, wato awara, da mai ɗinki, dukkanmu mun haura shekara sittin, muna rungumar bibbiyu muna haki muna zagin masu riguna iri ɗaya, uwa da uba. A sama kuwa Kaka Jeom-rye ta dogara sanda a ƙofa, ba ta ma san wace ce Seul-gi ba.

“Ke 'yar wa ce?”

“'Yar Bong mai tafarnuwa, Halmoni,” ta ce, wato Kaka.

“To ubanki bai koya miki a sa katako a ƙasa kafin a jera ba? Sauke! Kuma wace mahaukaciya ce ke dako da kayan biki?”

“Ni ce, Halmoni.” Ta sauke, ta sake jerawa.

Wajen ƙarfe huɗu dusar ta fara. Ƙyallen ya yanke wa yarinyar kafaɗa, ya yi baƙi ƙirin har rubutun ya ɓace. Ta ƙara sawu uku cikin dusar, ta zame sau ɗaya ta fasa gwiwa. Ɗari da saba'in da shida suka kai sama a bushe. Sauran ashirin da huɗu suka jiƙe a ƙarƙashin ledar Tak, da safe sun zama taɓo.

Bayan kwana biyu aka aiko karɓar kambi. A shagona ɗan aiken ya same shi, inda ta bar shi. Ƙyallen kuwa ya ce ba zai iya mayar da shi ofis a haka ba, don haka har yau yana ɗaure a jikin katakon. A bikin girbin bana da aka karanta sunayen sarauniyoyi, aka tsallake nata. Jarida kuma ta buga hoton shugaba da baƙi a kunci, aka rubuta gida huɗu sun samu.

Seul-gi ta koma rumbu. Ba ta ɓoye hannu yanzu, kuma ɗanyar tafarnuwa take ci da nama har sai na ce ya isa. Ranar hutunta takan hau tudu ta kwashe wa tsohuwar toka, ta sha faɗa ta sauko. Da tsimi da dabara, ɗakin Kaka Jeom-rye bai huce ba har sanyi ya karye.

Tak na zuwa shan miya duk Laraba, don babu wani shagon kusa da ofis. A garin nan ko baƙon da ba ka sani ba, in kimchinsa ya ƙare ƙara masa ake yi ba sai ya roƙa ba. Shi kuwa sai ya ɗaga ƙaramin faranti ya ce, “Imo, a ɗan ƙaro.”

In dube shi in ce, “An rubuta, Yallaɓai. Sati mai zuwa za a duba.”