Bindigar da na raka Alhaji Sule nema a Deira

Na daɗe ina ɗaukar waya ina ajiyewa kafin in rubuta wannan. Kalmar bindiga kanta ba na son ta zauna a wayata a garin nan. Amma sababbin yara suna ta shigowa aikin kago, gara su ji daga bakina.

Ranar da Alhaji Sule ya shigo ofishinmu na unguwar Deira a Dubai ba za ta fita daga raina ba. Ga wanda bai san aikin ba, ɗan kasuwa yana sayen kaya ya kawo mana, mu buɗe mu duba, mu ɗaure, mu kai sito a Dubai Investments Park, a loda a kwantena zuwa gida. A sama akwai Oga, mai kamfani. Sai manaja. Sai ni, Habu, mai ɗaure kwali da raka baƙi kasuwa. Bizata a hannun kamfani take, kuma da ita iyalina suke ci.

Dokar farko da Oga ya koya mini ita ce ba a ce wa kwastoma babu. Ko raƙumi ya ce a sa masa a kwali, sai ka ce za a duba.

Alhaji Sule babban kwastomanmu ne, tayil da janareto yake saya. Ya sha shayi, ya gyara zama, ya ce, "Wannan karon 'yar ƙaramar bindiga nake so. Wadda zan soke a ƙugu kullum, kaftani ya rufe, ko Hajiya ba za ta sani ba. A cusa mini ita a cikin janareto."

Na kalli Oga. Shekarunsa a Dubai sun ninka nawa. Ya san baƙo irinmu ba ya mallakar bindiga a nan, harsashi ɗaya ma aka gani a jakarka ka shiga uku. Sai jarumin ya yi murmushi ya ce, "Ba damuwa, Alhaji, za a duba. Habu, yalla, maza raka Alhaji." Nan take ya tuna yana da taro. Mutumin da ban taɓa ganin ya je taro ba.

Muka fita. Na yi shirin in zagaya da shi har ya gaji. Ashe Alhaji ba ya gajiya. A shagon wani mai sayar da tociloli, Alhaji ya miƙe yatsu biyu ya lanƙwasa babban yatsa, ya ce, "Small one." Kyamara tana saman kanmu, wata tana bakin ƙofa, ni duk na gan su. Mai shagon ya yi dariya ya ɗauko bindigar ruwa ta yara, koriya shar.

"Kai Habu, gaya masa ni ba jikansa ba ne. Orijinal nake so!"

"Ranka ya daɗe, a hankali."

"A hankali me? Ba Dubai ba ce? An ce babu abin da babu."

A bakin titi ya tsaya yana nuna mini yadda zai riƙa zaro ta. Ya cusa hannu ƙarƙashin kaftani ya fizgo wayarsa da sauri, ta maƙale a zariyar wando, ta faɗi ƙasa. Na ce a raina, masha Allah, 'yan bindiga sun shiga uku. Ni kuwa har na fara tunanin wanda zai kai wa matata labari, da wanda zai gaji katifata.

Na ce mu hau abra, ƙaramin kwalekwalen da ke tsallaka ruwa, wai akwai shaguna a ɗaya gefen. Gaskiya wurin da ƙarar inji za ta rufe muryata nake nema. A tsakiyar ruwa na ce, "Alhaji, babu. Ba a sayarwa, ba za mu ɗauka ba, kuma ko an samu kwantena sai ta bi ta na'urar bincike. Kai ka hau jirgi, ni za a zo a ɗauka."

"Ogan naka ya ce za a duba."

"An duba, ranka ya daɗe. Babu."

Muka kusa gaɓa. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, an tare ƙaninsa a hanyar gona an tafi da shi daji, tun da aka sako shi bai koma daidai ba, kuma shi ma wannan hanyar yake bi. Na ce Allah ya kiyaye.

Da muka koma ofis, taron Oga ya ƙare. Alhaji ya kai ƙarata. Oga ya taso mini: "Wa ya ba ka izinin ce wa Alhaji babu? Khalas, magana ta ƙare, tafi sito!" Na kwana biyu ina jiran a soke bizata. Da Alhaji ya tashi, tayil ɗinsa a kwantenarmu, Oga ya saya mini shawarma ya ce, "Ai na san za ka gyara."

Abin da na koya ke nan. A aikin kago manya ne ke cewa za a duba, babu kuwa aikin mai ɗaure kwali ne. Ku faɗe ta da wuri, tun a ofis, kada ku bari sai a gaban kyamara.

Har yau Alhaji yana kirana, tsoron bai bar shi ba. Don haka wanda ya san halastacciyar hanyar neman lasisi a gida, ko ma ana ba irinsa, ya taimaka ya sanar da ni in isar masa. Amma don girman Allah da baki, idan mun haɗu a masallaci. Kada wanda ya turo mini hoto.