Gwiwar Kawu

Ranar da na kai wa Kawu abinci wurin aiki, na tarar ya farke ɗinkin wandonsa daga gwiwar dama zuwa ƙasa, don ƙafar ta daina shiga.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, sa tayil ce sana'arsa. A durƙushe ya yi rayuwarsa, a durƙushe ya kai ni har ƙarshen jami'a. Abokan aikinsa Raƙumi suke ce masa, saboda kantar da ke gwiwoyinsa. In ya gama ɗaki sai ya cire takalmi ya bi shi da tafin ƙafa, ya nemo tudun da ido bai gani ba.

Ya ce in kwantar da hankalina, ya riga ya tambayi Likita, wato wayarsa. Ciwon gwiwar masu tayil ya nema, sai ga wani mai farar riga a bidiyo yana cewa ruwa ne ke taruwa, ƙanƙara da bandeji sun isa. Watanni ke nan yana bin wannan.

Na taɓa wurin. Kumburin ba a kan ƙoƙon gwiwa yake ba, a sama yake, ga tauri, ga zafi. Na rubuta hakan a tawa wayar. Abin da ya fara fitowa shi ne ciwon dajin ƙashi. Na karanta masa.

"Ke dai, 'yar nan," in ji shi, "wayarki matsoraciya ce, ta biyo uwar ɗakinta."

Ya ci gaba da kwaɓa siminti. Sai da mahaifiyata ta je ta zauna a kan kwalayen tayil, ta rantse ba za ta tashi ba, sannan ya yarda aka je asibiti.

Likitar ta daɗe tana kallon hoton ƙashin. Kawu ya miƙa mata bidiyon, ta ce mutumin bai yi ƙarya ba, sai dai ba wannan gwiwar ya duba ba. Na tambaye ta, bayanin tawa wayar fa? Ta ce ba za ta ce komai ba tukuna. Aka ɗebi ɗan ƙashin don gwaji.

Yanzu yana kwance a falonmu, ya rame, ko barkwanci ya rage. Jiya ya tambaye ni a hankali ko yanke ƙafar za a yi. Na ce ban sani ba.

Sakamakon bai fito ba. Sun ce za su kira.