Cajar laftof ɗina da gonar Inna

Yaya Nura yana riƙe da reza, ni kuma ina riƙe da cajar laftof ɗina, na kasa saki.

Ya zo hutu da ɗan jirginsa mai kyamara, amma ya manto abin da yake jona cajar batirin da wuta a Zariya. Ya duba rubutun bayan tawa, ya ce ƙarfinta zai yi, sai dai dole ya yanke kanta ya haɗa. Da laftof ɗin nake shirin jarrabawa. Shi kuma ya riga ya yi wa kakarmu Inna alkawarin nuna mata gonarta, wadda rabonta da ita tun da ƙafafunta suka ƙi.

Na sakar masa. Ya ce zai ɗaure min da salatif daga baya.

Da la'asar jirgin ya tashi daga tsakar gidanmu a Ƙafin Maiyaki. Na riƙe wa Inna wayar da hoton ke fitowa. Gidaje suka ƙanƙance, dawa ta shimfiɗu kore shar, shanu can nesa kamar an watsa farin wake. Ji na yi kamar ni ce a sama.

Jirgin ya kai saitin gonar. Na ce, "Inna, kin gane ta?"

"Ga ɗorawar da nake kwantar da babanku a inuwarta," ta ce a hankali. Sai ta matso da fuska. "Kai Nura, sauko da shi kaɗan. Wa ya bar min ciyawa haka a cikin gyaɗa?"

Har yanzu in na rufe ido, koren nan nake gani. Ku da za a ara muku ido a sama, ina za ku fara dubawa?