Matar da ta raba fuskarta biyu a motar Illo

Jama'a! Ku ji abin da na gani yau.

Ni da ƙawata Hauwa'u mun shiga mota daga kasuwar Illo za mu koma Bagudo. Ta sayo man shafawa mai sinadarin bilicin, wato haidirokwinon, wajen 'yan Benin, ni kuma mai bitamin C. Sai gardama ta tashi.

Ta ce, "Naki wasa ne, nawa cikin sati yake share tabo!"

Na ce, "Nawa a hankali yake aiki, amma ba ya cin fata."

Sai wata mata mai niƙabi da ke gefenmu ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ɗiyana, ni ma na yi wagga gardama, amma da fuskata. Kowane kunci da nashi mai."

Ta ɗaga niƙabin. Innalillahi! Kuncin dama lafiya lau. Na hagu, inda ta ce ta shafa irin man Hauwa'u, baƙi ƙirin, ya yi kaushi kamar bayan tukunya!

Matar ta ƙura wa wuyan Hauwa'u ido, ta ce, "Kin daɗe kina shafa shi, ko? Ya fara."

Kafin mu kai garin Geza, matar ta ce direba ya tsaya. Ta sauka inda babu gida ko ɗaya.

Hauwa'u ta ce mahaukaciya ce. Yanzun nan ta kira ni tana kuka. Ta duba madubi, ga baƙin tabo ƙarƙashin kunnenta.

Don Allah, wa ya san likitan fata a Birnin Kebbi?