Tukunyar da Kawu Sale Ya Garƙame da Kwaɗo

Duk wanda ya zauna a layinmu na Nassarawa GRA ya san akori-kurar Kawu Sale ba ta tashi a cikin gida. Tura ta ake yi. Kuma ba batir ne ya mutu ba, wallahi lafiyarsa ƙalau. Kullum da safe sai an turo ta tun daga bakin boskwata, a wuce get, a dangana da darbejiyar bakin titi, sannan Kawu ya murza makulli. Da ta tashi sai ya sauko ya zaga baya, ya tattare riga, ya durƙusa ya kai hanci bakin salansa ya ja numfashi kamar mai ɗanɗana miya. Sai ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, "Tas."

Masu turin kuwa mu ne: ni ɗan ƙanwarsa da nake zaune wurinsa, da maigadi, da kuku, da duk baƙon da tsautsayi ya kawo da sassafe. Ni malamin makaranta ne fa, da gugaggen yadina, amma haka nake shiga aji da tsatsa a tafin hannu. Har Alhaji mai gidan, wanda Kawu ya yi wa aikin lambu tun yana saurayi, an taɓa ganinsa da babbar riga yana nishi a bayan mota, Kawu na leƙowa ta taga yana ce masa ya ƙara ƙarfi.

Dalili ɗaya ne, kuma ba ɓoyayye ba. Matarsa, Inna Rabi, tana da ciwon fuka, tagar ɗakinta kuma daidai inda ake ajiye motar take. Kawu ya taɓa ganin hayaƙin janareto ya shaƙe ta har idonta ya juye, daga ranar ya ɗaura gaba da hayaƙi. Da ya tashi sayen motar da zai riƙa kai shuke-shuke da taki gidajen masu hali, dillali ya nuna masa wata 'yar tukunya a jikin salansa, ya ce wannan ita ke tace hayaƙi kafin ya fito. Makanikai suna ce mata indomi, wai don cikinta kamar curin taliyar yara yake. Kawu bai duba taya ba, bai saurari inji ba. Tukunyar ya saya, aka ba shi mota gyara.

To motar nan ba ta da ƙarfi ko na sisi. In aka loda mata taki, mai kura ma sai ya wuce ta yana waiwaye. Bulus, bakanikenmu na Tudun Wada, mutumin Zariya ne mai haƙuri, tun zuwan farko ya ce indomin ne ya toshe, a fasa a zubar, mota za ta yi gudu ta rage shan mai. Ya ƙara da cewa akwai masu saye ma, suna biya da tsoka saboda wani ƙarfe mai daraja da ke ciki. Kai, da Bulus ya san abin da ya jawo wa kansa da bai ƙara wannan ba. Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce hancin mutane ba juji ba ne, maganar da muka ji har muka haddace. Daga ranar duk gyaran da za a yi, ko birki ne, Kawu zai zaro tabarma daga bayan kujera ya shimfiɗa a ƙarƙashin mota, ya kwanta kafaɗa da kafaɗa da Bulus, idonsa a kan sifana. Ranar da abin ya ishi Bulus ya ce, "Baba, ni fa ba ɓarawo ba ne."

Kawu ya ce, "Na sani, Bulus. Taya ka nake yi kada ka zama."

Da aka fara jin labarin ana kwance wa mutane tukunyar a wuraren ajiye mota, sai Kawu ya tafi wurin mai walda da ke yin ƙarafunan taga, ya sa aka ƙera mata keji. Keji sosai, da ƙofa, da kwaɗo irin na shago. Makullin ya soke a naɗin hularsa, ko wanka zai shiga da hular yake tafiya. Duk ramin da motar ta faɗa sai kwaɗon ya buga ƙwal, tun daga Badawa Inna take sanin ya taho ta ɗora ruwan shayi.

A shekarun nan shari'a na tashe, kowa ya zama mai neman fatawa, daga mai tambayar hukuncin kallon ƙwallo sai mai tambayar tsawon wando. Limamin masallacin layinmu yana da wani tsohon babur da in ya tayar sai ka rantse tayoyi ake ƙonawa. Wata rana bayan la'asar, jama'a cike, Kawu ya ɗaga hannu cikin ladabi ya tambayi hukuncin wanda ke busa wa Musulmi hayaƙi a fuska ba su ji ba su gani ba. Liman ya gyara zama, ya yi bayani mai daɗi a kan haramcin cutar da maƙwabci, muna ta gyaɗa kai. Kawu ya ce Allah ya ƙara wa Malam ilimi, sannan ya roƙa a fita waje a maimaita wa babur, don shi bai samu shigowa ba. Liman ya yi sati yana zuwa a ƙafa.

'Yan siyasa ma sun sha. Lokacin zaɓe yaran wani ɗan takarar kansila suka ɗauki hayar motar Kawu za su ɗora lasifika. Suka ce amma shirunta ya yi yawa, a ɓalle salansar gaba ɗaya ta riƙa ruri, a san mai gida ya fito. Har sun zo da abin yanka ƙarfe. Kawu ya zauna a ƙasa ya jingina da keji ya ce, "Alkawuran da za ku yi wa mutane sun ishe su shaƙa, ba sai kun haɗa musu da hayaƙi ba." Suka haƙura, suka yi kuskuren sa shi a gaban jerin gwano. Tafiyar da ya yi da su, kafin a isa filin taro masu tallan ruwa ma sun watse.

Da damina Kawu ya kwanta, ciwon bai yi tsawo ba Allah ya karɓi abinsa. Bayan Inna ta fita takaba aka bar motar a hannuna, in riƙa ba da ita aiki ana saya mata magani da cefane. Amma mota ta ƙara lalacewa, masu haya suka fara gudu, maganin fuka kuma ba ya jira. Bulus, da ya yi kuka a jana'izar nan kamar ubansa ne, ya zo ya durƙusa gaban Inna ya sake maganar da ya yi shekara da shekaru yana yi. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da hular Kawu. Makullin na nan a naɗinsa. Ni dai ina tunanin ƙirjinta in aka cire, ina tunanin tukunyar girkinta in aka bari.

Muka je Tudun Wada. Mai saye ya zo da ma'auninsa ya tsaya. Aka buɗe kwaɗo, aka sauke keji, Bulus ya yi addu'arsa ya yanka tukunya. Wayam. Babu komai ciki sai tsatsa da baƙin toka. Ga tsohon ɗinkin walda nan ta sama inda ido ba ya kai, alamar an kwashe cikin tun kafin motar ta shigo Kano. Rashin ƙarfin nan kuwa tsufan inji ne kawai. Mai saye ya naɗe ma'auninsa ya tafi ko sallama babu. Bulus ya zauna daɓas a cikin baƙin mai ya ce, "Malam, ashe Baba iska yake gadi, ni kuma iska nake kwaɗayi."

Na yi dariya har da hawaye, amma a hanyar gida dariyar ta ƙare. Yaya zan gaya wa tsohuwar nan cewa abin da mijinta ya kwanta a ƙasa dominsa, ya ɓata da liman dominsa, fanko ne? Na zauna bakin ƙofarta na yi ta kewaye-kewaye har ta ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa. Ta kama dariya, ta yi ta yi har na miƙe neman abin shaƙarta. Da ta lafa ta goge ido da bakin mayafi, ta dubi tagar nan ta ce, "To ni tun da motar nan ta zo gidan nan ban taɓa jin hayaƙinta ba. Ashe ba tukunya ba ce, turin nan ne."

Sai ta miƙo mini hular ta ce a mayar masa da kwaɗonsa.

Bulus ya ɗinke tukunyar yadda take, ya mayar da keji, bai karɓi ladan aiki ba. Injin aka gyara, motar na nan tana ciyar da Inna. Kullum da safe ni da maigadi muna tura ta har gindin darbejiya kafin a murza makulli, kuma yanzu ba na mita. Shaƙar salansa ce dai na ce ba da ni ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sale. Yadda ya tsare wa baiwar Allah numfashinta, Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya shigar masa da iska mai sanyi, tas, wadda babu hayaƙi a cikinta. Amin.